Shekarar da Na Yanka Sitiroberi a Manchester

Rahila, Asabe, akwai maganar da kuka daɗe kuna faɗa a kan babanku, ni kuma na daɗe ina jinku ina shiru. Kukan ce shi ne ya tura ni Manchester, shi ne kuma ya hana ni dawowa, ya zauna a kujera ya bar 'yar shekara goma sha biyar da tukunya da wanki. Ranar da muka dawo daga binne shi ma na ji Rahila tana faɗa wa mijinta haka a kicin, tana tsammanin ƙarar famfo ta rufe muryarta. Ba haka aka yi ba. Yanzu da likita ya fara yi mini magana a hankali kamar mai lallashi, gara in rubuta muku yadda abin ya kasance tun hannuna yana riƙe biro.

Kun san na yi shekaru ina dafa abincin rana a gidan yinin tsofaffi na kansul, wato ƙaramar hukuma, a unguwar Aston ta Birmingham, inda ake kawo su da safe a mota, su ci, su yi hira, a mayar da su gida da yamma. Da gwamnati ta shiga tsuke bakin aljihu, aka fara da ɗakin karatun unguwarmu a Perry Barr, aka bi da wurin wasan matasa, sai ga takarda ta iso mana mu ma. Babanku a lokacin yana gida da ciwon bayan da ya samu a wurin aikin gadi. A wannan shekarar ce aka kira shi wani ofis, aka sa ya ɗaga hannu, ya taka daga ƙofa zuwa taga, aka rubuta cewa ya isa aiki, aka yanke tallafin da ake ba shi. Mutumin da ni nake ɗaure masa igiyar takalmi. Bai yi faɗa ba, bai ɗaukaka ƙara ba. Ya dawo ya zauna, kuma daga ranar maganarsa ta ragu.

Ranar da za a rufe gidan tsofaffin aka yi 'yar walima. Na gasa kek, aka sayo sitiroberi kwali biyu don a yi masa ado. Ni na san wannan ɗan itace tun ina yarinya, domin kakanku gadina ne, mai kula da lambu, a gidan wani Bature kusa da Vom, can wajen Jos, kuma wanda tsuntsu ya tsaga ko ya nuna ya wuce shi yake kawo mana a cikin hularsa. Na tsaya ina yanka su sala-sala ba tare da na raba su da koren ganyen kansu ba, ina danna kowanne da yatsa ya buɗe kamar mafici. Sai na lura wata doguwar mace tana kallon hannuna. Sunanta Morin, 'yar wani tsoho ce da ba ya cin abinci sai ni na zuba masa, ta zo daga Manchester ta ɗauke shi.

"Wa ya koya miki riƙe wuƙa haka?" ta tambaye ni da Turanci.

"Uwata," na ce. "Da tumatir. Mukan yanka shi mu shanya a rana ya kai mu damina."

Ta yi dariya, ta ce ai aikinta ke nan, sai dai ita ba ta da rana, inji take da shi. Tana da ɗan kamfani da ke shirya kayan adon koktel wa otal-otal da mashaya. Ban san kalmar ba, sai da ta yi mini bayani cewa giya ce iri-iri ake haɗawa da ruwan 'ya'yan itace a kofi ɗaya, a ɗora wani abu mai kyau a bakin kofin. Ta ba ni katinta. Na karɓa don kada in kunyata ta, na jefa a jaka.

Wata uku ina neman aiki a Birmingham. Duk kicin ɗin da na je sai in tarar da matan da muka yi aiki tare a kan layi ɗaya da ni. Wata rana bayan kun tafi makaranta na fito da katin na ajiye a gaban babanku.

"Giya fa, Saratu," ya ce.

"Ba zan zuba ba, ba zan sha ba. Yanka kawai zan yi."

"Wanda ya yi wa kofi ado ai ya taya mai sha."

"To me za mu ci, Baban Rahila?"

Ku tuna shi dattijo ne a ikilisiyarmu, inda ko a biki ba a buɗe kwalba, ni kuma ni ce mai ba da waƙa a zumuntar mata.

"Idan za ki, ki je," ya ce. "Amma a ce aikin kula da tsofaffi kika samu."

Wannan ƙarya ta farko tamu ce mu biyu. Da ita na yi muku sallama, da ita mata suka ɗora mini hannu suka yi addu'a ranar Lahadi.

Wurin aikin yana ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa, wani dogon ɗaki mai sanyi wanda rufinsa ke rawa duk lokacin da jirgi ya wuce. Mu huɗu ne, kowa da teburinsa, ga rediyo yana ta surutu ba mai saurare. Ni aka ba sitiroberi domin shi ne mai wahala. Ba ya son ruwa, ba ya son zafi, ba ya son hannu. Da safe in buɗe kwalaye in tsince wanda ya yi laushi ko ya fara fari a gindi, domin ɗaya ya isa ya ɓata kwali kafin yamma. In wanke su a ruwan sanyi da ɗan binega, ruwan tsamin nan na kwalba, da ganyensu a kai, don in an cire ganyen ruwa zai shige ciki ya kashe zaƙin. In jera su a kan tawul, ba mai taɓa ɗan'uwansa, sai sun bushe sarai. Manya masu kyan siffa a tsaga su kaɗan a ƙasa yadda za su zauna a bakin kofi, waɗannan ranar ake kai su. Ƙanana a jera a tire a sa a firiza su daskare ɗaya-ɗaya kafin a zuba a leda. Sauran kuma in yanka su sirara, kauri ɗaya, in tsoma a ruwan sukari, in shimfiɗa a raga, in tura cikin injin busarwa su yini a wuta marar ƙarfi. In sun fito sai in ɗaga ɗaya in karya. Wanda ya lanƙwashe ya koma, wanda ya ce ƙaras ya shiga kwalba a rufe da sauri kafin ya shaƙi danshi. Akwai waɗanda ake jiƙawa a cikin giya, na gaya wa Morin tun ranar farko ba zan taɓa su ba, ba ta kuma taɓa sa ni ba. Ban taɓa shiga ko ɗaya daga wuraren da ake kai kayan ba. Har na bar garin ban ga aikina a kan kofi da idona ba.

Ɗaki na kama a saman wani gida, tagarsa tana kallon bangon maƙwabta. Tunda aka haife ni ban taɓa kwana a ɗaki ni kaɗai ba. A gidanmu mu shida ne a tabarma ɗaya, daga nan sai ɗakin babanku, sai ku. Makonnin farko in na dawo daga aiki nakan zauna a bakin gado da rigar sanyina a jiki, in rasa abin da zan yi da hannuwana. Na dafa gwate da ragowar accan da aka kawo mana daga gida, na zuba kwano huɗu kafin in tuna. Ban shiga coci a garin ba, don kada in haɗu da wanda ya san wani a Birmingham ya tambaye ni wane gidan tsofaffi nake aiki. Asabar ita ce ranar da aiki ya fi yawa, shi ya sa sai bayan mako biyu nake zuwa gida, in iso Lahadi da safe in juya Litinin. Ranakun Lahadin da ban zo ba, nakan hau bas in zauna a sama har ƙarshen layinsa, in dawo a cikinsa. In na ji wasu na Hausa a kasuwa sai in sunkuyar da kai in wuce. Hausar da nake yi a mako ita ce ta wayar da muke yi da yamma, ita ma Asabe da Turanci take amsa mini, Rahila kuma kullum tana da abu a wuta.

"Lafiya lau muke, Mama. Ga Baba."

Shi ke nan abin da nake samu daga gare ki, Rahila. Ban ga laifinki ba.

Yanzu zan faɗi abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Wajen wata na huɗu, shirun nan da yake cina ya fara yi mini daɗi. Ban san ranar da ya juya ba. Na dai lura ina tashi ba wanda ya kira ni, ba wanda ya ɓatar da safa, ba fuskar babanku da nake dubawa kowace safiya in gane ko yau zai yi magana. In na ɗauki wuƙa, kaina yakan yi tsit. Sannan wani abu ya faru. Busasshen sitiroberi yakan dushe bayan kwanaki, jansa ya koma ruwan ƙasa, masu otal suna ƙorafi. Wata Litinin kafin in hau mota na biya wani kanti a Sparkbrook na sayi zoɓo da citta. Na dafa su a cikin ruwan sukarin, na tsoma yankan a ciki, na busar. Suka fito ja wur kamar jini, da ɗan tsami da yaji a ƙarshen harshe, kuma bayan mako uku suna nan yadda suke. Morin ta ɗaga ɗaya a hasken fitila, ta ci, ta sake ci. Da aka buga sabuwar takardar mannawa a kwalba, sai na ga an rubuta sunana a jiki. Na shekara arba'in da tara a duniya, ban taɓa ganin sunana a kan wani abu ba in ban da takardar asibiti da ta kansul. Na shiga banɗaki na tsaya na daɗe. Ba wanda zan nuna wa. Kwalba ɗaya na kai ɗakina na ajiye a kan taga.

Bayan Kirsimeti Mama Laraba, shugabar zumuntarmu, ta kira ni. Ta ce an buɗe gurbi a kicin ɗin wata firamare kusa da gidanmu, 'yar ƙanwarta tana aiki a can, ta riga ta yi magana, ganawar ta cika ƙa'ida ce kawai.

"Ranar Alhamis ƙarfe biyu, Maman Rahila. Allah ya ji kukanmu. Yaran nan sun gaji, Rahila duk ta rame."

Na yi godiya. Na nemi izinin yini ɗaya a wurin Morin, na goge farar rigata, na je tashar mota da safe na yanki tikiti. Na zauna a benci da jakata a cinya. Motar Birmingham ta zo, mutane suka yi layi, direba yana duba tikiti. Na ce bari layin ya ragu. Ya ragu. Direban ya dube ni ya ɗaga gira, na kawar da kai. Ina kallo ya rufe ƙofa, motar ta ja baya, ta fita. Ba ciwo ya kama ni ba, ba makara na yi ba. Na tuna manyan tukwanen dankali da hayaniyar yara, na tuna falon gidanmu da kujerar babanku, sai ƙafafuna suka ƙi tashi, ni kuma ban tilasta musu ba. Na koma wurin aiki da farar rigata na ɗora rigar aiki a kai. Da yamma na kira babanku na ce na je, na juyo da wuri saboda aiki, kuma sun ce sun ɗauki wata.

"To," ya ce. "Allah ya kawo wani."

Wannan ƙarya ta biyu tawa ce ni kaɗai.

Na ci gaba da zuwa bayan mako biyu. Ba wanda ya tayar da maganar. Na lura Mama Laraba tana gaishe ni da wani irin tausayi, tana kuma gaida babanku a tsaitsaye, amma ban bi ba'asi ba, domin ba na son in sani.

Sai wata ranar Laraba a watan Mayu, lokacin da sitiroberin ƙasar ya fara shigowa, ƙamshinsa ya cika ɗakin har waje. Ina cikin jera raga Morin ta taɓa kafaɗata ta ce wani mutum yana nemana. Babanku ne a bakin ƙofa, da sandarsa, da kwat ɗin da yake sawa ranar Lahadi. Mutumin da zaman rabin awa a mota yake sa shi kwanciya yini guda. Morin ta ba shi hular raga da kujera. Ya zauna a gefe yana kallona ina yanka. Ya miƙa hannu ya ɗauki kwalba ɗaya daga kan tebur, ya nisanta ta da idonsa don bai zo da tabarau ba, ya karanta, ya mayar.

Da lokacin hutu ya yi muka fita muka zauna a wani benci a bakin ruwan da ke bayan gadar.

"Mama Laraba ta zo gida tun washegarin ranar ganawar makarantar nan," ya ce. "Ta ce an jira ki har ƙarfe uku."

Na buɗe baki, ya ɗaga hannu.

"Na ce mata ni na hana ki. Na ce aikin makarantar ba zai riƙe mu ba, na umarce ki ki zauna inda kike."

"Don me ka faɗi haka?"

"Mace in mijinta ya hana ta, tausayinta ake ji. In ita ta ƙi dawowa wurin 'ya'yanta, kin san abin da za a ce. Kuma yaran za su ji."

"Ai yanzu kai za su zarga."

"Sun riga sun fara. Ni ina gida, ina iya ɗauka."

Jirgi ya wuce a samanmu, muka jira ƙararsa ta lafa. Na ce masa ban san abin da ya same ni ba ranar. Ya ce shi ya sani, ya gani da idonsa yanzu a ciki, kuma rabon da ya ga fuskata haka tun muna Jos. Ya ce ya san zama da shi a shekarar nan ba daɗi.

"Ban zo in ce ki dawo ba, Saratu. Ba ni da bakin faɗin haka. Na zo ne in gaya miki Asabe ta fara al'ada makon jiya. Ta tsorata, ta naɗe zanin gadonta ta tura bayan kwaba. Rahila ce ta gano, ita ta zaunar da ita ta yi mata bayani. Ni aka aika kantin magani. Na tsaya gaban kayan ban san wanda zan ɗauka ba, sai da wata mata ta zo ta taimake ni." Ya juya sandarsa a hannu. "Na ga bai kamata ki ji wannan a waya ba."

Asabe, ranar Lahadin da ta wuce kafin nan ina gida. Na yi miki kitso. Ba ki gaya mini ba, ni kuma ban lura da komai ba.

Na raka shi tasha, na taimaka masa ya hau. Kafin ya shiga ya roƙe ni kada in taɓa gyara maganar da ya faɗa wa Laraba, na yi masa alkawari. Na riƙe alkawarin har ya mutu, kuma ba don biyayya kawai na riƙe ba, ya yi mini daɗi in zama wadda aka zalunta. Shekara da shekaru ina kallo Rahila tana amsa masa magana a gajarce, yana haɗiyewa, ina zaune a wurin. Wannan ya fi zaman bencin tashar nauyi a zuciyata. Ku je kabarinsa ku biyu, ba sai da ni ba.

Washegari na gaya wa Morin zan tafi ƙarshen wata. Ba ta roƙe ni ba. Ta ce in rubuta mata awon zoɓon da cittar, na rubuta, na koya wa matar da aka ɗauka a madadina yadda ake gane wanda ya bushe. Gurbin makarantar kuwa an daɗe da cikewa. Shara da goge-goge na samu a wani ofis a tsakiyar gari, shi na yi har na yi ritaya.

Na iso gida da jakunkuna biyu wata Asabar da rana. Babanku yana barci, Asabe ta je koyon waƙa a coci. Rahila ce ta buɗe ƙofa. Kin yi tsawo, kin ɗaure kai da ɗankwalina. Kika karɓi jaka ɗaya kika kai sama. Na shiga kicin in sha ruwa, na buɗe inda nake ajiye kofuna, na tarar da shinkafa da garin masara. Na buɗe na gaba, tukwane ne. An sauya wa komai wuri, kuma na ga sabon tsarin ya fi nawa. Ina tsaye da hannuna a kan murfin kwaba kika shigo.

"Ki zauna a falo, Mama, kin gaji. Zan kawo miki shayi."

Na je na zauna a kujerar da muke ba baƙi, domin tawa an tara littattafan makaranta a kai. Ina jin motsinki, kina buɗe wannan kina rufe wancan ba tare da lalube ba. Sai kika leƙo da cokali a hannu, kika tambaye ni da Turanci, cikin ladabi, cokali nawa na sukari nake so.

Ba na shan sukari a shayi, Rahila. Tun kafin a haife ki ba na sha, kuma da kin sani. Na ce ɗaya. Kika kawo a kan faranti, na shanye tas, na ce ya yi daɗi. Har yau in na zo gidanki ɗaya kike sa mini, har yau ina shanyewa.